Anayerobi: mannen da iska ke hana wa daskarewa

Tun da ƴan kwalaben nan masu ruwa shuɗi ko ja, na mannen da ke hana bulon da noti kwancewa, suka yawaita a hannun makanikai, kalmar "anayerobi" ta shiga bakin masu sayar da kayan gyara a Yamai, daga Katako har shagunan bakin titi. Wasu na ce musu "frein filet" yadda yake rubuce da Faransanci, wasu kuma Loctite, ko da wani kamfani ne ya yi. Sunan bai dame ni ba. Fassarar ce ke damuna, don sai ka ji mai talla yana cewa anayerobi na nufin "mai ƙarfi" ko "mai saurin bushewa". Wannan kuskuren yana ja wa mutane asarar bulon da kuɗi.

Kalmar daga Girkanci take: "an" babu, "aer" iska, "bios" rayuwa. Louis Pasteur ya ƙirƙiro ta a 1863 don ƙananan halittun da ke rayuwa ba iskar oksijin. Mannen kuwa, wanda Vernon Krieble ya haɗa a Amurka a 1953, ya gaji sunan ne saboda halinsa: muddin iska na taɓa shi, ruwa ne. Sai ya shiga matsatsin da iska ba ta kai masa, kuma ya taɓa ƙarfe, sannan ya zama roba mai tauri. Ba bushewa yake ba, don babu abin da ke tashi daga cikinsa.

Tsakanin haƙoran bulon da na noti akwai rata, ko an ɗaure tamau. Girgizar janareta, ko injin niƙa, ko ramukan hanyar Tahoua zuwa Arlit, tana sa su ɗan zame gefe da gefe har noti ya saki. Mannen yana cike ratar, ya kuma tare ruwa da tsatsa.

Ga inda ruɗanin ya fi yawa. Mai saye ya ɗaga sabuwar kwalba, ya jijjiga, ya ji rabi ce, ya ce an cuce shi. Ba a cuce shi ba. Da gangan aka bar sararin, kuma robar kwalbar irin wadda iska ke ratsawa ce, don iskar ce ke riƙe da ruwan. Wanda ya juye kwalba biyu cikin ɗaya ya cika ta fal, ko ya zuba a gwangwanin ƙarfe, zai tarar da dutse. Haka wanda ke goga bakin kwalba a jikin bulon, ko ya mayar da ragowar da ta taɓa ƙarfe, yana lalata sauran da hannunsa. Yaron gareji kuma ya shafa a bulon ya shanya a rana, yana hura masa baki yana jira ya yi danƙo kamar gam ɗin facin taya. Ko zai kwana nan, ba zai kama ba. Bayan an ɗaure, wanda ya tsattsafo waje yana nan jiƙe har kwanaki, sai a dangwala yatsa a ce jabu ne, alhali na ciki ya riƙe gam. Na wajen tsumma kawai yake so.

Aikin ba wuya. A wanke mai da giris da tsohon manne, a bari ya bushe. Ɗigo biyu ko uku sun isa, daidai inda noti zai zauna. In ramin ba ya ɓullewa, a ɗiga a cikinsa, don iskar da ta maƙale tana turo wanda aka shafa a bulon waje. A ɗaure da ƙarfin da mai injin ya ƙayyade. Manne ba ya gyara sakwan ɗauri. A baƙin ƙarfe yana fara kamawa cikin minti 10 zuwa 20, cikakken ƙarfi sai awa 24. Inoks (ƙarfen da ba ya tsatsa), alminiyam da ƙarfe mai rufin zinki suna jinkirta shi, sai an fesa ruwan da ke zaburar da shi. A kiyaye shi da roba, yana tsattsaga wasu.

Launi ba ado ba ne. A tsarin Loctite, 222 mai launin shunayya na ƙananan sukurori ne, shuɗi 243 na bulon milimita 6 zuwa 20 kuma sifana na kwance shi, kore 290 yana tsotsuwa cikin abin da aka riga aka ɗaure. Ja 271 sai an gasa wurin zuwa digiri 250 kafin ya saki. A ganina shi aka fi zalunta: ana sa shi a ƙaramin bulon na babur don an ce ya fi ƙarfi, ranar gyara kan bulon ya karye a cikin inji. Wasu kamfanoni launinsu daban ne, a karanta jikin kwalba.

Yawancin irin wannan manne ba su jure zafin da ya wuce digiri 150, saboda haka ba na bakin salansa ba ne. Ajiya kuma digiri 8 zuwa 21 ake so. Kwalbar da ta yi watan Afrilu a kan tebur a ranar Yamai, a gwada ta a tsohon bulon da noti, a bar su kwana ɗaya kafin a kai ta jikin injin mutane.