Kashi ɗaya cikin huɗu da batun Abuja: abin da sashe na 134 ya tanada kan cin zaɓen shugaban ƙasa

Tun da aka fara kaɗa gangar siyasar 2027, maganganu biyu ke ta yawo a wayoyin mutane da majalisun hira a Katsina da Daura. Ta farko na cewa duk yawan ƙuri'un da ɗan takara ya samu, in bai samu kashi 25 cikin ɗari a Abuja ba, ya faɗi ke nan, wai an miƙa wa mazauna birnin tarayya mabuɗin fadar shugaban ƙasa. Ta biyu kuma na cewa in jihohin Arewa 19 suka haɗa kai, su kaɗai sun isa su naɗa wanda suke so. Ta farko na sa wasu su ji ƙuri'arsu ba ta da daraja, ta biyu na sa wasu su saki jiki, kuma dukkansu biyun sun saɓa wa abin da ke rubuce a kundin tsarin mulki na 1999.

Sashe na 134 ya gindaya sharuɗɗa biyu idan 'yan takara sun wuce biyu. Dole mai nasara ya fi kowa yawan ƙuri'u a faɗin ƙasa, sannan ya samu aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa a kowace jiha daga cikin kashi biyu bisa uku na jihohin tarayya da kuma Babban Birnin Tarayya, Abuja. Gwamnoni ma suna da irin wannan sharaɗi a sashe na 179, sai dai su da ƙananan hukumomi ake yi musu lissafi, don haka mai neman kujerar gwamnan Katsina sai ya kai wannan kaso a ƙananan hukumomi 23 cikin 34.

Rigimar duk ta taso ne daga kalmomin nan na ƙarshe, wato “da kuma Babban Birnin Tarayya”. Masu ƙara a shari'ar zaɓen 2023 sun karanta su da ma'anar cewa Abuja sharaɗi ne mai zaman kansa, kuma suna da dalilin kama wannan igiya, domin Bola Tinubu bai kai kashi 25 a can ba, Peter Obi ne ya lashe birnin da rata mai yawa. Kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta yi watsi da wannan fassara a watan Satumba na 2023, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da hukuncin ranar 26 ga Oktoba. Hujjar alƙalan ita ce sashe na 299 ya ce a ɗauki Abuja tamkar ɗaya daga cikin jihohi, don haka a wajen lissafi matsayinta na jiha ta 37 ne, ba ta fi kowace jiha ba. Ni a ganina wannan ita ce fassarar da hankali zai ɗauka. Da an bi ta masu ƙara, ɗan takara zai iya lashe jihohi 36 kaf amma ya rasa kujera saboda ƙananan hukumomi shida na Abuja, ƙuri'ar mai shago a Wuse ta zama ta fi ta manomi a Mai'aduwa nauyi, alhali kundin da kansa ya ginu a kan cewa 'yan ƙasa daidai suke.

Akwai dai wani ɗan ƙulli da hukuncin ya bari, wanda ya kamata masu bin siyasa su sani. Kashi biyu bisa uku na 36 shi ne 24 cif, amma na 37 ya zama 24 da ɓurɓushi. A 2023 wannan bai dami kowa ba tun da Tinubu ya kai kason a jihohi 29. Amma dattawanmu ba su manta da 1979 ba, lokacin da jihohi suke 19 kuma Katsina tana cikin tsohuwar jihar Kaduna. Alhaji Shehu Shagari ya samu kashi ɗaya cikin huɗu a jihohi 12, a Kano kuwa ya tsaya ƙasa kaɗan da kashi 20. Abokin hamayyarsa Obafemi Awolowo ya ce sai an cika 13, lauyan Shagari, Richard Akinjide, ya ce kashi biyu bisa uku na 19 shi ne 12 da biyu bisa uku, don haka abin da ya samu a Kano ya isa ya cike gurbin, kuma Kotun Ƙoli ta amince da lissafinsa kwanaki kaɗan kafin a miƙa mulki ranar 1 ga Oktoba. Abin da ya taɓa faruwa yana iya maimaituwa, kuma ɗan takarar da ya tsaya a jihohi 24 daidai ba tare da Abuja ba zai iya tsintar kansa a irin wannan shari'a.

Maganar cewa Arewa ita kaɗai ta isa kuwa, lissafi ma ya rushe ta. Jihohi 19, ko da an ƙara Abuja, sun zama 20, saura huɗu ko biyar da dole a nemo su daga Kudu. Mu mutanen wannan yanki ba ma buƙatar a kawo mana misali daga nesa. Marigayi Muhammadu Buhari ya samu ƙuri'u sama da miliyan 12 a 2011, ya lashe jihohi 12 duk a Arewa, amma a Kudu kusan bai taɓuka komai ba. Sai da jam'iyyarsa ta CPC ta haɗe da ACN da ANPP aka kafa APC a 2013, aka samu ƙafa a yankin Yarbawa, sannan ya ci zaɓen 2015 da ƙuri'u sama da miliyan 15. Haka nan ba a buƙatar ɗan takara ya zo na ɗaya a jiha kafin ta shiga lissafinsa. A 2023 Atiku Abubakar ne ya lashe Katsina da ratar da ba ta kai ƙuri'u dubu bakwai ba, duk da haka jihar ta ƙirgu ga Tinubu, domin ya haura kashi 25 nesa ba kusa ba.

In babu wanda ya cika sharuɗɗan biyu, hukumar zaɓe ta INEC za ta shirya zagaye na biyu cikin kwana 21. Mutane da yawa na ɗauka na ɗaya da na biyu ne za su kara, alhali kundin ya ce wanda ya fi yawan ƙuri'u zai kara ne da wanda, cikin sauran, ya lashe jihohi mafi yawa. Mai yiwuwa ne na uku a yawan ƙuri'u ya shiga, na biyu ya zama ɗan kallo. Ba a taɓa kaiwa ga wannan zagaye a zaɓen shugaban ƙasa ba, kuma daban yake da abin da ake kira “inkonkulusib”, wanda ke faruwa idan ratar da ke tsakanin 'yan takara ba ta kai yawan masu zaɓe a rumfunan da aka soke ba.

Me ya sa aka ɗaura wa Najeriya wannan sharaɗi? Masana siyasa da ke kwatanta gwamnatoci sun daɗe suna muhawara kan yadda za a mulki ƙasa mai ƙabilu da addinai da yawa. Wani ɓangare, wanda Arend Lijphart ke kan gaba, na ganin a raba muƙamai tsakanin manyan rukunoni kowa ya samu rabonsa, kuma tsarin daidaiton wakilci a muƙaman tarayya da ke sashe na 14, da karɓa-karɓar da jam'iyyu ke yi, sun yi kama da wannan ra'ayi. Ɗaya ɓangaren, irin su Donald Horowitz, na ganin a tsara dokar zaɓe yadda ɗan siyasa ba zai ci ba sai ya roƙi ƙuri'ar waɗanda ba danginsa ba, kuma Horowitz ya sha kawo Najeriya a matsayin misali. Waɗanda suka rubuta kundin 1979 sun ga yadda Jamhuriya ta Farko ta kasance, inda jam'iyyun NPC da AG da NCNC kowace ta kama yankinta a ƙarƙashin tsarin firaminista irin na Ingila, har aka ƙare da juyin mulkin 1966 da yaƙin basasa. Sun aro tsarin shugaban ƙasa daga Amurka amma ba su ɗauki tsarinta na wakilai 538 da ke zaɓen shugaba a madadin jama'a ba, tsarin da ya ba Donald Trump nasara a 2016 duk da an fi shi da ƙuri'u kusan miliyan uku. Kenya ta ɗauki wani abu makamancin namu a kundinta na 2010, sai dai ta ƙara da cewa dole mai nasara ya haura rabin ƙuri'u.

A nan ne nake ganin raunin dokarmu yake. Faransa na buƙatar a haura rabi, haka ma maƙwabtanmu na Nijar suka yi a 2021, lokacin da Mohamed Bazoum da Mahamane Ousmane suka je zagaye na biyu. Mu kuwa mutum na iya hawa mulki da ƙuri'u miliyan 8.8, kimanin kashi 37 cikin ɗari, kamar yadda aka gani a 2023, ma'ana kusan mutum biyu cikin kowane uku da suka fito wani daban suka zaɓa. Hakan bai saɓa wa doka ba, kuma duk mai cewa ya saɓa yana yaudarar jama'a ne, amma yana barin shugaba da aikin shawo kan mafi yawan waɗanda suka kaɗa ƙuri'a tun daga ranar farko.

Gyaran wannan sashe, ko don a fayyace lissafin Abuja da lamba ko don a ɗaga kason da ake buƙata, sai ya bi ta sashe na 9: amincewar kashi biyu bisa uku na 'yan Majalisar Dattawa da na Majalisar Wakilai, sannan majalisun dokokin jihohi aƙalla 24, ciki har da wataƙila tamu ta Katsina. Kafin a yi hakan, duk saƙon da ya zo maka yana cewa an sauya ƙa'idar, ka tambayi wanda ya turo shi ranar da majalisun jihohin suka zauna suka amince.