Waiwaye: Ja-in-jar Motoci Masu Ƙafar Katafila a Kan Hanyoyin Baburan Ƙanƙara

A arewacin Amurka da kudancin Kanada akwai hanyoyin da ba a ganinsu sai da hunturu. Dusar ƙanƙara na rufe ƙasa, daga wajen Disamba zuwa ƙarshen Maris, sai a buɗe su. Da zarar ta narke, gona ta koma gona, daji ya koma daji. Lardin Kebek kaɗai yana da kimanin kilomita 33,000 na irin waɗannan hanyoyi, Ontariyo wajen 30,000, jihar Minesota kuma mil 22,000. Don babur ɗin ƙanƙara aka yi su, wato injin nan mai allunan zamiya biyu a gaba da faffaɗan bel na roba mai haƙora a baya. Amma an daɗe ana kai ruwa rana a kan wani baƙo da ke neman shiga: babur mai ƙafa huɗu da ƙaramar motar daji, waɗanda aka kwance wa tayoyi aka ɗaura musu ƙafar katafila guda huɗu don su taka ƙanƙara. Masu su suna cewa mu ma a kan bel muke tafiya, me zai hana mu bi? Masu baburan kuma suna cewa ba da ku aka share hanyar ba.

Dabarar ɗaura wa mota ƙafar katafila ta girmi babur ɗin ƙanƙarar kansa. Tun kafin juyin juya halin Rasha, Bafaranshe Adolphe Kégresse ya yi wa motocin Sarki Nicholas na biyu irin wannan aiki. A jihar New Hampshire, wani dillalin motocin Ford mai suna Virgil White ya yi rajistar tasa dabarar a 1917, daga 1922 ya shiga sayar da kayan da ake ɗaura wa motar Ford samfurin Model T, alluna a gaba, bel a baya. Likitocin karkara da masu raba wasiƙu su ne manyan masu sayensa. A ƙauyen Valcourt na Kebek, Joseph-Armand Bombardier ya rasa ɗansa ƙarami a hunturun 1934 saboda ƙanƙara ta toshe hanyar asibiti, kuma motar da ya fitar a 1937, B7, mota ce sosai mai rufi, mai cin mutum bakwai. Ƙaramin babur na mutum ɗaya ko biyu daga baya ya zo kasuwa da ƙarfi: na kamfanin Polaris a garin Roseau na Minesota a tsakiyar shekarun 1950, sai Ski-Doo na Bombardier a 1959.

Daga nan abin ya zama ruwan dare. A 1971 an sayar da babura kusan rabin miliyan a shekara guda, kamfanoni fiye da ɗari suna ƙerawa, amma hanyoyin da aka ware musu kaɗan ne. Kowa inda ya ga fari ya danna. Aka yanke wa manoma waya, aka tattake ƙananan itatuwa, aka hana mutane barci da ƙara cikin dare, wasu mahayan suka mutu a kan wayar shinge da ƙanƙara ta ɓoye. Majalisun ƙananan hukumomi suka fara maganar haramta abin baki ɗaya. Wannan tsoro ne ya sa mahaya suka haɗa kansu. An kafa ƙungiyar VAST ta jihar Vermont da tarayyar kulob-kulob ta Ontariyo a 1967, ta Maine a 1968, ta Kebek a 1974. Minesota ta fito da tsarin tallafa wa kulob-kulob a 1973: jiha ta karɓi kuɗin rajistar babura da wani kaso na harajin fetur, ta mayar wa ƙungiyoyin da ke kula da hanya.

Wanda bai fahimci yadda aka shimfiɗa waɗannan hanyoyi ba, ba zai gane dalilin zafin rigimar ba. Ba burtali ba ne da kowa ya san haƙƙin jama'a ne tun kaka da kakanni. Yawancinsu aro ne. A Vermont kusan kashi 80 cikin ɗari na hanyoyin a filayen mutane suke. Ɗan kulob ne yake zuwa ya ƙwanƙwasa wa manomi ƙofa tun kafin sanyi ya shigo, ya roƙi alfarmar a ratsa gefen gonarsa, a sa hannu a takarda ko a yi musafaha kawai, shekara mai zuwa a sake dawowa a sake roƙo. Manomi ɗaya ya ce ya fasa, hanya ta tsinke a tsakiya, garuruwa biyu sun rabu, mai gidan abinci da mai gidan mai da ke cin kasuwar hunturu sun shiga uku. Shi ya sa a bakin gonaki ake kafa allon da ke cewa ka bi hanya ko ka zauna gida.

Aikin kuma na gayya ne. 'Yan sa-kai ne ke sare rassan da iska ta kayar, su gyara gadojin katako a kan rafuka, su kafa alamomi dubbai, su tumɓuke su idan sanyi ya wuce. Sai babban aikin, gyaran fuskar hanya. Da dare ake yinsa, lokacin da sanyi ya fi tsanani kuma mahaya sun koma gida. Wani katafaren inji ne ke tafiya a hankali yana jan wani ƙarfe mai wuƙaƙe, faɗinsa ƙafa takwas zuwa goma. Wuƙaƙen su yanke tudun da babura suka tara, su juya ƙanƙarar, farantin baya ya danne ta ta kwanta sumul. Bayan haka sai an ba ta sa'o'i ta daskare kafin ta iya ɗaukar nauyi. Wanda ya bi ta da ɗanyenta ya ɓata aikin dare guda. Direban injin, sau da yawa dattijo ne da ya yi ritaya, yakan wayi gari a kai ba da ko sisi ba. To ka ƙiyasta yadda zuciyarsa za ta yi idan da safe ya tarar da sawun taya ya huda hanyar har ƙasa.

Taya ce asalin gabar. Honda ta kawo babur mai ƙafa uku Amurka a 1970, Suzuki ta fito da mai ƙafa huɗu a farkon shekarun 1980, a 1988 kuma aka daina sayar da sababbin masu ƙafa uku bayan yarjejeniya da gwamnatin tarayya saboda yawan haɗari. Mai ƙafa huɗu ya cika karkara, kuma masu shi suka ga hanya a gyare, fes, suka hau. Taya tana haƙa rami, musamman idan rana ta ɗan yi ɗumi, ramin ya daskare, allon babur ya faɗa ciki ya karkatar da mahayi. Yawancin jihohi suka hana. Wasu gundumomin Wiskonsin suka yi sassauci: mai taya ya bi wasu hanyoyin, amma sai sanyi ya kai maki 28 a ma'aunin Faranhait ko ƙasa da haka, wato ɗan ƙasa da inda ruwa ke daskarewa.

Da a nan aka tsaya, da magana ta ƙare. Sai abubuwa biyu suka canza. Na farko, kayan katafila suka dawo kasuwa. Kamfanin Mattracks na garin Karlstad a Minesota ya fara sayar da nasa a 1994, kamfanonin Kebek irin su Camoplast, wanda ya koma Camso kafin Michelin ta saye shi a 2018, suka yi na ƙananan injuna da mutum zai iya ɗaurawa a garejinsa. Na biyu, motar daji mai kujeru gefe da gefe ta tashi daga kayan aikin gona ta zama ta shaƙatawa, da zuwan Yamaha Rhino a 2004 da Polaris RZR a 2007. Wasu ma da rufi da gilashi da na'urar ɗumama ciki. Tsoho mai ciwon baya, da mai naƙasa, da magidanci mai yara ƙanana, duk suna iya fita cikin ƙanƙara a cikinta. Ga kuma lissafin aljihu: inji ɗaya da zai yi maka aiki wata goma sha biyu ya fi wanda ke kwance wata tara.

Hujjar taya ta faɗi ke nan, tunda babu tayar. Sai majalisu suka koma kan ma'anar da doka ta ba babur ɗin ƙanƙara, kuma kowace jiha ta kama gabanta. Vermont ta ce faɗinsa kada ya wuce inci 48, da allon zamiya ake juya shi, ta kuma rubuta ƙarara cewa mai ƙafa huɗun da aka sa wa katafila ba ya ciki. Minesota ta ce sai wanda tun daga masana'anta don ƙanƙara aka ƙera shi. Wiskonsin ma haka. Maƙwabciyar Vermont, New Hampshire, ta bi wata hanya dabam: ka cire taya, ka yi rajistar injinka a matsayin babur ɗin ƙanƙara, ka shiga, muddin bai wuce inci 54 a faɗi da laba 1,200 a nauyi ba, kimanin kilo 545. Wannan ma'auni yana barin ƙananan su wuce, yana tare yawancin manyan. Maine ita ma ta yarda da mai katafila idan an yi masa irin wannan rajista. Ontariyo ta rufe ƙofa. Kebek kuwa ta raba gari: masu ƙafa huɗu suna da tasu tarayyar, da nasu hanyoyin hunturu, da nasu kuɗin izini. Mutum zai iya tashi da safe yana kan doka, ya tsallaka kogin Connecticut da ya raba New Hampshire da Vermont ya zama mai laifi.

A filayen gwamnatin tarayyar Amurka lissafin ya sha bamban. Dokar zirga-zirga ta Hukumar Gandun Daji ta 2005 ta ɗauki duk injin da aka tsara don ƙanƙara, mai tafiya a kan bel ko allon zamiya, a matsayin aji guda. Bayan hukuncin wata kotun tarayya a Idaho a 2013, hukumar ta fitar da sabuwar ƙa'ida a 2015 da ta tilasta wa kowane gandun daji ya fayyace inda irin waɗannan injuna za su bi. A yammacin ƙasar, inda hanyar hunturu galibi titin motocin katako ce da ƙanƙara ta rufe, mai faɗi, kuma ba ta wani manomi ba, shigar mai katafila ba ta tayar da ƙura kamar a gabas.

Shin katafilar tana ɓata hanya? Majalisar ƙungiyoyin masu baburan ƙanƙara ta Amurka da kanta ta sa an yi gwaji a fili, rahoton ya fito a 2014, kuma bai goyi bayan masu zafin ra'ayi a cikinta ba. Nauyin motar yana rarrabuwa a kan bel huɗu, kuma sawun da take bari bai fi na babur ɗin da aka murɗa wa wuta ba. Wannan gaskiya ce da ya kamata masu babura su karɓa su daina maimaita tsohuwar hujja. Abin da rahoton ya nuna da yatsa shi ne faɗi. Faɗin babur ɗin ƙanƙara ƙafa huɗu ne a ma'auni, biyu suna giftawa a hanya mai ƙafa goma ba fargaba. Motar daji idan ta sha katafila takan kai ƙafa biyar da rabi zuwa shida. Ga shi katafilar tana rage mata gudu da kusan kashi ɗaya cikin uku, alhali a Minesota doka ta yarda babur ya kai mil 50 a awa. Ka haɗa abu mai faɗi mai tafiyar hawainiya da abu mai gudu a kwanar da itatuwa suka rufe, kuma mahayin babur ba shi da ƙarfen da ya kewaye shi. Kowa ya san wanda za a ɗauka a ƙasa. Gadojin katakon da kulob ya gina ma an auna su ne da faɗi da nauyin babur da na injin gyara, ba kowace ce za ta ba biyu damar wucewa ba.

A ganina, duk da haka, maganar manomi ta fi ta faɗi nauyi. Abin da ya sa ya yarda tun farko shi ne babur ɗin ƙanƙara ba ya iya dawowa bayan ƙanƙara ta narke. Ƙasa a daskare take, shukar alkama ko ciyawar shanu tana kwance a ƙarƙashi, ba abin da ya taɓa ta. Motar daji kuwa, a watan Afrilu mai ita zai mayar da tayoyinsa, kuma ya riga ya san ƙofar gonar. Ko mutum ɗaya cikin ɗari ne ya dawo ya ratsa laka, manomin ba zai tsaya tantance wane ne ba, zai rufe wa kowa. Takardun izini da yawa sun ambaci babur ɗin ƙanƙara kaɗai, inshorar kulob ma a kan haka aka yanke ta. Majalisar jiha tana iya canza ma'anar doka da rana tsaka, amma ba ta da ikon faɗaɗa alƙawarin da wani ya yi a ƙofar gidansa. Saboda haka tsarin da ya fi kama da adalci shi ne a bar hukuncin ga kowace hanya: inda take da faɗi, mai fili ya amince da bakinsa, mai katafila ya biya cikakken kuɗin izini kuma ya fito aikin gayya, a buɗe masa. Inda hanya ta ratsa gonaki a matse, a bar ta yadda aka aro ta.

Matsin lambar kuwa ƙaruwa yake yi. Cinikin baburan ƙanƙara a duniya yanzu bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da aka sayar a 1971 ba, Yamaha ta sanar da janyewa daga sana'ar bayan samfurin 2025, kuma Polaris da BRP, magajin Bombardier, kowanne yana sayar da babur, da motar daji, da katafilar da ake ɗaura mata. 'Yan kulob suna tsufa, injin gyara yana cin ɗaruruwan dubban daloli. A hunturun 2023 zuwa 2024 ƙanƙara ta yi ƙaranci sosai a Minesota da Wiskonsin, hanyoyi da yawa ba a ma buɗe su ba. A garuruwa da dama kulob ɗin babura da na masu ƙafa huɗu sun riga sun haɗe sun zama ɗaya, domin mutanen su ne dai, kuma kuɗin rajistar motocin daji ne ke ƙaruwa.