Kula da lafiyar zuciya a tsakanin Hausawan Saudiyya

Kula da lafiyar zuciya shi ne tsara abinci da motsa jiki da barci ta yadda jijiyoyin jini ba za su toshe ba, zuciya kuma ba za ta gaza ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da na jijiyoyin jini sun kashe mutum kusan miliyan 17.9 a shekarar 2019, wato wajen kashi 32 cikin ɗari na mace-macen duniya. Manyan abubuwan da ke jawo su su ne hawan jini, ciwon suga, yawan kitse a cikin jini, ƙiba, taba da rashin motsi.

Hausawan da ke zaune a Makka da Madina da Jidda, waɗanda kakannin wasunsu a ƙasa suka taka daga ƙasar Hausa ta Cadi da Sudan, yau rayuwarsu daga na'urar sanyaya ɗaki sai mota. Ba lalaci ba ne zalla. Zafin bazara a Makka yakan haura digiri 40, har gwamnati ta hana aiki cikin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba. Saboda haka shawarar a fita motsa jiki ba ta da amfani a nan sai an faɗi lokaci: bayan sallar Asuba, ko bayan Isha'i, ko cikin manyan kantuna masu sanyi.

Abin da ake so ga baligi shi ne minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, kamar tafiya da sauri wadda numfashi zai ɗan ƙaru amma mutum na iya magana. Minti 30 sau 5 a mako ya cika mafi ƙarancin. Mazaunin Makka yana da ma'auni a kusa: sa'ayi tsakanin Safa da Marwa sau 7 ya kai wajen kilomita 3. A Jidda akwai hanyar masu tafiya a bakin teku. Mata su ne suka fi fuskantar ƙuntata a wannan fanni, musamman mazauna benaye marasa tsakar gida, don haka fita rukuni-rukuni da dare ko hawa matakala na da muhimmanci gare su.

Ta ɓangaren abinci, gishiri ne babbar matsala. Iyakar da aka shata ita ce ƙasa da giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya. A tukunyar gida ɗaya kuwa sai ka ga an jefa dunƙule biyu ko uku, an barbaɗa gishiri, ga yajin tsire a gefe shi ma da nasa. Kabsa da mandi (dafa-dukan shinkafa da nama na Larabawa) masu kitse, soyayyen kaza, shayi mai suga da lemon kwalba duk ana cin su ne da tsakar dare, a kwanta a kansu. Ba sai an bar su gaba ɗaya ba. Rage shinkafa, ƙara ganye da wake da kifi, a yage kitsen nama, shi ne gyaran da ke ɗorewa. Saudiyya ta sa harajin kashi 100 a kan taba da kashi 50 a kan lemon kwalba a 2017, kuma tun 2019 gidajen abinci ke rubuta yawan kalori, wato ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki, a takardar abincinsu.

Shisha ba ta fi sigari sauƙi ba, ruwan da ke cikinta ba ya tace gubar. Wanda ya daina taba, haɗarin toshewar jijiyoyin zuciyarsa na raguwa da kusan rabi cikin shekara guda.

Hawan jini sau da yawa ba ya nuna alama, awo kaɗai ke gano shi: daga 140/90 zuwa sama, idan ya maimaitu, a ga likita. Mai shan magani kada ya daina don ya ji sauƙi, kuma ya nemi likita ya tsara masa lokutan sha kafin azumin Ramadana. Ciwon ƙirji mai danna mutum, wanda ke tafiya zuwa hannu ko muƙamuƙi tare da zufa da sarƙewar numfashi, na buƙatar gaggawa. Lambar motar asibiti a Saudiyya ita ce 997, ta neman shawarar likita a Ma'aikatar Lafiya kuma 937.