Waiwaye: yadda fita bishara a ƙasar Sakkwato ta zama aikin hannu da yawa

Duk wanda ya ga matasan coci a Sakkwato suna loda janareta da kwalayen magani da buhun shinkafa a bayan bas za su fita bishara ƙauye, ga nas ga makanike ga 'yan kwaya, zai iya ɗauka sabon yayi ne. Gaskiya a yankin nan da haka aikin ya shigo tun farko, don ita kaɗai ce ƙofar da aka bar masa.

A watan Maris na 1903 da Turawa suka ci Sakkwato, Lugga, shugaban Turawan mulki a Arewa, ya yi wa sarakuna alkawarin gwamnati ba za ta taɓa addininsu ba, kuma a aikace sai aka hana 'yan mishan kafa tasha a cikin masarautu shekara da shekaru. Ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission), wadda Bingham da Gowans da Kent suka faro a 1893 (Gowans da Kent ma sun rasu a 1894), sai ta soma daga Patigi a 1902 ta yi ta aiki a yankin tsakiyar Najeriya. Cikin na farko-farkon nan akwai Dokta Stirrett, wanda asalinsa kantin magani gare shi a Toronto, Hausawa suka sa masa Bature mai magani.

Cutar kuturta ce ta buɗe hanyar nan wajenmu. Wajen ƙarshen shekarun 1930 hukumomin En'e suka ga ɗawainiyar masu cutar ta fi ƙarfinsu, sai aka damƙa wa SIM sansanonin jinya, Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, Amanawa a nan Sakkwato. To ka duba irin mutanen da wuri kamar Amanawa yake buƙata. Wancan lokacin ba a kai ga ƙwayar maganin kuturta ta dapsone ba, allurar wani mai ake yi mai zafin gaske, dole a sami mai haƙurin yin ta, a sami mai wanke gyambo kullum safiya ya naɗe, a sami magini da mai haƙa rijiya, da wanda zai yi wa mutum takalmi don ƙafarsa ta daina jin zafi zai taka ƙaya bai sani ba, sannan ga malamin da ke koya wa yara karatu da Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932. Mai wa'azi ɗaya ne kawai cikin wannan taron, kuma da yawan masu wanke gyambon nan 'yan ƙasa ne, wasu ma majinyata ne da suka sami sauƙi aka koya musu aikin, amma in ana tarihi sunayen Turawa aka fi kira, wannan abin yana damuna ƙwarai.

Haka aka yi ta tafiya, asibitin ido na Kano a 1943, asibitin Galmi can ƙetaren iyaka cikin Nijar a 1950. Ɓangaren Katolika ma limaman Dominikan daga Amurka ne suka karɓi yankin a shekarun 1950, sistoci suka biyo su Gusau da aikin asibiti da makaranta, kafin Sakkwato ta zama dayosis a 1964.

Sai abu ya juya. ECWA, cocin da ta fito daga aikin SIM, ta tsaya da ƙafarta a 1954 da reshenta na bishara EMS, sannan a shekarun 1970 gwamnati ta karɓe makarantu da asibitocin mishan da dama, Turawa suka ragu. Daga nan nauyin ya dawo kan baikon ikilisiya da lokacin hutun mutane. Bautar ƙasa da aka soma a 1973 ta kawo wani sabon abu, matasa masu digiri daga Kudu, likita da injiniya da malamin makaranta, har ƙungiyar bishara ta CAPRO ta fito daga cikinsu a Zariya a 1975, daga baya kuma zumuntar Kiristoci masu bautar ƙasa (kofas) ta NCCF ta saba da fita ƙauye kwana biyu ko uku da magani da aski da kayan sawa.

Anan ne nake ganin mun soma mantuwa. Muna karanta 1 Korintiyawa 12 cewa ido ba ya iya ce wa hannu ba ruwana da kai, amma ran Lahadi in an dawo ana ba da rahoto, wanda ya riƙe makirfo ake tafa wa. 'Yan zumuntar mata fa tun asuba suke kan murhu hayaƙi na shiga musu ido, su suka san tukunya nawa za ta ishi mutum nawa, su ne kuma ke iya shiga cikin gida wajen matan da namiji baƙo ba zai taɓa gani ba. Kofa ɗan Kudu da duk iliminsa bai iya tambayar tsohuwa ina ke miki ciwo Inna, sai yarinyar nan 'yar Zuru da ke masa tafinta. In janareta ta ƙi tashi da magariba babu majigi babu lasifika, kowa ido yake zuba wa yaron da hannunsa ya yi baƙi da mai. Dattijon da ya san a fara zuwa ƙofar mai gari a durƙusa a ce ranka ya daɗe ga abin da ya kawo mu, shi ke sa a ba ku inuwar da za ku shimfiɗa tabarma, ko a ce ku koma.

Yanzu matsalar 'yan bindiga a gabashin jiha, su Isa da Sabon Birni da Rabah, ta sake canja tsarin. Kwana a ƙauye ya yi wuya, an fi yin je-ka-dawo, yawancin ƙarfin ma ya koma kan waɗanda suka gudo suka raɓe a gefen gari, Musulmi da Kirista, wanda abin da suke nema shi ne gero da maganin zazzaɓi da wanda zai zauna ya saurare su. Kwamitin bishara kuwa kafin su tsayar da rana, direban da ya san hanya suke fara kira, in ya ce kar a bi yau to an ɗage tafiyar ke nan ko da an riga an sayi mai.