Riman: kalmar da ake liƙa wa duk famfon AdBlue da ya sha wanka

Tun da manyan motoci masu shan AdBlue, ruwan da ke rage gubar hayaƙin salansa, suka yawaita a hanyoyinmu, wata kalma ta shiga bakin masu sayar da kayan mota ta zauna daram: riman. Ana jin ta a tallan rediyo, ana jin ta a saƙon muryar da dillalai ke turo wa masu tirela a Gumel da Haɗeja da Wudil, ana jin ta a rumfunan Ƙofar Ruwa. "Alhaji, wannan ba Beljiyam ba ne, riman ne." Da an faɗi haka sai farashi ya ɗaga, mai mota kuma ya biya da kwanciyar hankali. Wasu ma sun ɗauka sunan kamfani ne, wasu sun ɗauka wata ƙasa ce.

Ba laifinsu ba ne, don mun saba kiran kaya da sunan inda suka fito. Beljiyam ƙasa ce, kuma daga tashar jiragen ruwanta ta Antwerp aka daɗe ana lodo tsofaffin motoci da kayansu zuwa Kwatano da Legas, shi ya sa sunan ya bi kayan. Idan aka ce maka famfo Beljiyam ne, an gaya maka cewa an ciro shi daga jikin wata mota a Turai. Ba a gaya maka komai game da lafiyarsa ba, kuma mai sayarwa bai yi maka ƙarya ba. Riman kuwa sunan aiki ne. Guntun kalmar Turanci ne, rimanufakca, wato sake ƙerawa. Mai cewa riman yana shaida maka cewa an yi wa kayan wani aiki takamaimai, a ciki, inda idonka ba ya kaiwa. Idan ba a yi aikin ba, ya ci kuɗinka da ƙarya, ko da kuwa kayan na ƙyalli.

Hausa tana da kalmomin da suka raba wannan zance sarai, mu ne muka bar su. Akwai gyara: abin da ya lalace shi kaɗai aka canza, sauran aka bar su da shekarunsu. Akwai kwaskwarima: an wanke, an goge, an fesa fenti. Sai sabuntawa, ita ce riman. A nan ana kwance kayan gaba ɗaya har kusar ƙarshe, a zubar da duk abin da ke cinyewa ko da bai mutu ba tukuna, a auna abin da ya rage da ma'aunin kamfanin da ya ƙera shi, a haɗa, a ɗora a injin gwaji, sannan a ba shi garanti irin na sabo, galibi shekara guda. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, mafi yawan abin da ake kira riman a kasuwanninmu ko gyara bai kai ba. Kwaskwarima ce zalla.

Kuma babu inda kwaskwarima ta fi ruɗar mutum kamar a famfon AdBlue. Sai an san ruwan kansa za a gane dalili.

AdBlue yuriya ce tsantsa kashi 32.5 cikin 100, sauran 67.5 tataccen ruwa ne da aka cire wa duk wani gishiri da ma'adini. Ba ya shiga inji. Daga tankinsa mai shuɗin murfi famfo ke jawo shi, ya tura wa nozul, nozul ta fesa shi cikin salansa idan hayaƙi ya yi zafin da ya kai wajen digiri 200. Zafin ya mayar da shi amoniya, amoniyar kuma ta haɗu da gubar da ake kira NOx a cikin tukunyar salansa, su koma iskar naitirojin da tururin ruwa. Turai ta tsananta wa manyan motoci kan wannan guba da dokar hayaƙi ta Yuro 4 a wajajen 2005, shi ya sa DAF XF 105 da Actros da MAN na zamanin Yuro 5 suke zuwa mana da wannan tanki.

To duk inda ruwan nan ya tsaya ya bushe, farin gari yake bari, mai kama da kanwa, ya ƙanƙare ya toshe hanya. Famfon da ya yi wata shida a cikin kwantena ko a jikin motar da aka ajiye, cikinsa cike yake da wannan ƙanƙara. Ita kuwa ƙanƙarar yuriya, ruwan ɗumi kawai take jira ta narke. Sai mutum ya ɗauko mataccen famfo, ya jiƙa shi a bokitin ruwan ɗumi ya kwana, ya hure shi da iska, ya jona masa wuta. Famfo ya yi ƙugi, ya tofo ruwa. A goge jikinsa da man birki ko fetur, a sa shi a leda, a manna takarda. A gaban mai saye za a sake jona shi ya ji ƙararsa da kunnensa. Wa zai yi musu?

Amma duba abin da wankan bai taɓa ba. A cikin famfon akwai wata faffaɗar roba da mota ke bugawa dubban sau don ta ja ruwa ta tura, makanikai na ce mata dayafaram. Ta yi shekaru tana lanƙwasa, ta taurare, gefenta ya fara tsagewa. Akwai ƙananan bawul na roba masu hana ruwa komawa baya, bakinsu ya cinye. Akwai sensar da ke auna ƙarfin turi, wadda in ta tsufa sai ta riƙa ba birenbos, wato kwamfutar motar, labarin da ba haka yake ba. Akwai bawul ɗin da ke juya ruwa ya koma tanki bayan an kashe mota. Akwai filta, akwai zobban roba, akwai allon lantarki wanda in ruwan ya taɓa ɗiga a kansa sai ƙafafun soket su yi kore. Famfon Bosch ƙirar Denoxtronic 2.2, wanda ke jikin motoci da dama, aikinsa ya kai turi wajen ba 9 ("ba" shi ne ma'aunin ƙarfin turi) kuma ya riƙe shi cur muddin nozul na fesawa. Tofo ruwa cikin bokiti babu abin da ya tare bakin tiyo ba ya nuna ko zai iya riƙe ba 2 ma. Wankakken famfo yakan yi sati biyu ko uku lafiya lau, daga nan turin ya fara faɗuwa, wutar gargaɗi ta dawo.

Ba wutar ce abin tsoro ba. A motar Yuro 5 mai nauyin sama da tan 16, idan matsalar ta daɗe ba a gyara ba, birenbos zai rage ƙarfin inji ya bar shi da kashi 60 cikin 100. A Yuro 6 ana fara zaftare kashi 25, in aka yi biris motar ta koma ba ta wuce kilomita 20 a awa. Ka ƙaddara tirela ce ta ɗauko shanu daga Maigatari ranar Alhamis za ta kudu, ko ta yi lodin riɗi za ta Dawanau. Dabba ba ta jure tsayuwar hanya, mai kaya kuma ba ya jin bayanin famfo. Ɗan rangwamen da aka samu wajen saye, tafiya ɗaya ta cinye shi ta haɗa da uwar kuɗi.

Wani abin da ya kamata ya sa mai saye ya ja baya shi ne jin ana kiran kowane kaya riman. Famfo yana sabuntuwa, haka akwatin awon ruwa na motocin da ke haɗa feshinsu da iskar tankin birki. Nozul ƙarama ce kuma a cikin wuta take rayuwa, don haka sabuwa ta fi. Sensar NOx kuwa, kan da ke shiga cikin salansa wani ɗan tangaran ne da hayaƙi ke cinyewa a hankali, ba a kwance shi, ba a wanke shi ya dawo. Iyakar abin da za a iya shi ne a yanke tsohon kai a jona sabo a jikin tsohon akwatin lantarkinsa, kuma sau da yawa awon ba ya zama daidai. Tukunyar salansa ma haka: maganin da aka shafe cikinta da shi in ya mutu ya mutu. Gas ɗin Turai farar wutar da ke cikinsa ba ta wuce kashi 10 cikin miliyan, namu kuwa ya yi shekaru yana ninka haka nesa ba kusa ba, kuma farar wuta na dakushe tukunyar, musamman ta sababbin motoci. Wanda ya ce maka yana da tukunya riman, tambaye shi me aka sa a ciki sabo.

Sai batun kuɗi. A ƙasashen da ake wannan sana'a da gaske, musaya ake yi. Ka kawo mataccen naka, a ba ka sabuntacce, in ba ka kawo ba a ɗora maka kuɗin gawar, domin gawar ita ce jarin masana'antar. Mai shigo da kaya Najeriya ba ya mayar da gawa Turai, don haka ya riga ya biya wannan kuɗin ya zuba shi cikin farashi. Shi ya sa riman na gaskiya ba zai yi arahar Beljiyam ba. Yana ƙasa da sabo dal, amma ba da nisa can ba. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana, a nan kuwa arahar ita ce shaidar farko cewa akwai lauje cikin naɗi.

Manyan kamfanoni suna sa wa nasu alama a lamba. Kayan da Cummins ya sabunta lambarsu na ƙarewa da RX, na Mercedes-Benz kuma ana ƙara 80 a ƙarshen lambar. Amma takarda kowa na iya bugawa a Kano, don haka a haɗa da ido. A dubi kawunan kusoshi: famfon da aka ce an kwance shi gaba ɗaya amma datti na shekaru na nan daskare a cikin ramin kusa, ba a buɗe shi ba. A kwance murfin filta a gani ko fara ce sabuwa. A leƙa cikin soket da tocila. Bakin tiyo ya kamata ya zo a toshe da murfin roba. Sannan a gwada lambar tsohon da ta wanda za a saya harafi da harafi, domin famfo biyu kan yi kama kamar an tsaga kara amma manhajar cikinsu ta bambanta, kuma na tirela mai wuta 24 ba ya hawa ƙaramar bas irin Sprinter mai wuta 12.

Gwajin da ya fi kowanne a jikin mota ake yin sa, kuma shi ya kamata a yi sharaɗi a kansa kafin a biya cikon kuɗi. A sa wa motar kwamfuta a ga turin ya hau inda littafinta ya ce, ya tsaya ba ya rawa. A ciro nozul a saka bakinta cikin kofin awo, a ba da umarnin gwajin feshi, a gwada abin da ya taru da adadin da kamfani ya rubuta. Feshin ya fito kamar raɓa, in an tsaya kuma kada ya ɗiga. Daga nan sai lissafin hanya: motar Yuro 5 takan sha lita 4 zuwa 6 na AdBlue a duk lita 100 na gas. Wanda ya ƙona lita 400 ya kamata ya ga wajen jarka guda mai lita 20 ta tafi. Idan allura ba ta motsa ba kuma wuta ba ta kama ba, a binciki wayarin, mai yiwuwa an ɓoye ɗan akwatin nan da ke yaudarar birenbos ya ɗauka komai na aiki. Akwai masu sa shi da saninsu, suna cewa sun huta. Hutun nasu ne su kaɗai. NOx ba ta da baƙin hayaƙin da za a gani a kauce, ƙirji take ci, kuma masu shaƙarta su ne yaran mota da ke kwana ƙarƙashin tirela da masu tallan da ke tsaye a bakin tasha.

Ko riman na ainihi aka samu, abin da ya kashe na farko zai kashe shi in ba a kawar ba, kuma garanti ba ya biyan wannan. Na ɗaya a yankinmu shi ne taki. Inda ake noman shinkafa, daga Kura da Kadawa har fadamar Haɗeja, buhun yuriya na kowane shago, sai wani ya ce ai abu ɗaya ne, ya jiƙa da ruwan burtsatse ya ɗura. Yuriyar gona an yi mata haɗin da ke hana ta dunƙulewa a buhu, tana kuma ɗauke da wani sinadari, biyuret, fiye da yadda salansa ke ɗauka. Ruwan rijiya kuwa, ƙa'idar ingancin AdBlue ta duniya, ISO 22241, ba ta yarda sinadarin kalsiyam ya wuce rabin miligiram a kilo guda na AdBlue ba, kuma irin gasarar da yake bari ruwan ɗumi ba ya narkar da ita. Na biyu mazurari ko jarkar da ta taɓa gas: ɗan kaɗan ya isa ya kumbura robobin famfo su saki. Na uku rana. A ƙasa da digiri 30 ruwan na kai shekara, a 35 wata shida ne, mu kuwa a watan Afrilu ana haura 40, ga jarkoki jere a bakin titi tun safe. Ɗan madubin awo da ake ɗiga wa ruwan a leƙa ba shi da tsada, ya kamata ya nuna yuriya tsakanin kashi 31.8 da 33.2, in ya fita daga nan a bar wa mai shi kayansa.

Sai wata ɗabi'a ta direbobi da ba a cika kula da ita ba. Da an kashe mota, famfon da ba ya aiki da iska yana ci gaba da ƙugi na ɗan lokaci, yana zuƙe ruwan da ke cikin tiyo da nozul ya mayar tanki. Direba ya sauko, yaron mota ya zagaya ya murɗe makunnin batir nan take don tsoron wuta. Ruwan ya kwana a nozul mai zafi, ya bushe, ya ƙanƙare. Duk dare haka. A jira minti biyu zuwa uku, sai ƙarar ta ɗauke da kanta sannan a yanke batir. Ranar da za a ɗaura famfon kuma, a sauke tankin a ɗauraye shi da tataccen ruwa, a wanke tiyo, a duba ragar da ke bakin bututun tsotso, don kada laka da ƙurar hunturun da suka kwanta a gindin tanki su zama abin da sabon famfon zai fara ja.