Hakin Inna Ba Tsufa Ba Ne

Da hunturu ya sauko Daura, bencin ƙofar ɗakin da nake duba marasa lafiya ba ya rabuwa da masu tari. A cikinsu akwai wata dattijuwa mai tuyar ƙosai da jikarta ta rako. Daga bakin ƙofa zuwa kujerata sau biyu ta tsaya tana dafa bango. Na ce, "Inna, tun yaushe kike wannan hakin?" Ta ce, "Ɗan nan, ai tsufa ne." Ba ta taɓa ɗora taba a bakinta ba, amma tun tana amarya take gaban murhu, a madafar da ba ta da taga.

Ba tsufa ba ne. Ciwo ne da ke toshe hanyoyin iska na huhu sannu a hankali, likitoci na ce masa COPD. Taba ce kan gaba wajen jawo shi, har da shisha da ta shiga samarinmu. Sai hayaƙin itace, kara da kashin shanu, da ƙurar wurin aiki. Wanda ya taɓa yin tarin fuka ma yana iya samunsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 ya kashe mutum miliyan 3.5.

Gaskiya ɗaya ce, abin da ya lalace a huhu ba ya dawowa. Amma ana rage haki, ana rage kwanciya asibiti, mutum ya koma kasuwarsa da masallacinsa. Sai dai wannan ba aikin zuwa ɗaya ba ne, kuma ba aikin kemis ba ne.

Abin da muke fara yi shi ne gwajin majina. Duk tarin da ya kai mako biyu sai an tabbatar ba tarin fuka ba ne, gwajin kuwa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Ciwon zuciya da asma su ma suna sa haki, shi ya sa ake sauraren ƙirji, a ɗauki hoto, in ta kama a tura mutum babban asibiti kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Akwai gwajin da ake hura iska cikin na'ura da iya ƙarfi, shi ne ke tabbatar da ciwon.

Inda na fi so a tsaya a saurare ni shi ne maganin shaƙa, inhela. Da Inna ta dawo bayan mako biyu tana cewa bai yi mata komai ba, sai na ce ta nuna mini yadda take yi. Ta buɗe baki, ta fesa daga nesa kamar mai fesa turare, ta haɗiye. Maganin duk a harshe ya tsaya, huhu bai gan shi ba. Muka sake daga farko. A girgiza shi, a fitar da numfashi, a kama bakinsa da leɓe sosai, a danna sau ɗaya daidai lokacin da ake jan iska a hankali, sannan a riƙe numfashi gwargwadon ƙirga goma. Wanda hannunsa da numfashinsa suka kasa tafiya tare, akwai robar da ake haɗawa da inhelar, ku tambaye mu. Wani na sauƙaƙa haki ne nan take, irin Ventolin, wani kuwa kullum ake shaƙarsa ko da ana jin garau. Maganar da ake yi cewa wai inhela na kama mutum kamar kayan maye, ba ta da tushe, kuma ta hana mutane da yawa samun sauƙi.

Abin da ke tayar mini da hankali shi ne ƙwayoyin dexamethasone da prednisolone da ake saye ba da takardar likita ba. Suna kwantar da haki na ɗan lokaci, amma in aka daɗe a kansu sai fuska ta kumbura, suga da jini su hau, ƙashi ya yi rauni.

Na kuma koya mata ta riƙa jan iska ta hanci, ta fitar ta baki a hankali kamar mai hura koko mai zafi. Na ce kada ta kwanta don tsoron haki, ta riƙa ɗan tattaki a tsakar gida, domin zama ƙara raunana jiki yake yi. Ranar hazo ta sa takunkumi. Na roƙi jikarta a fito da murhu fili, a yi amfani da busasshen itace, a daina kunna maganin sauro da turaren wuta a ɗakin da Inna ke kwana. Mai shan taba kuwa, babu maganin da ya kai daina ta, ko da shekararsa 70.

In majina ta ƙaru ko ta koma ruwan ɗorawa ko kore, ko zazzaɓi ya shigo, ko ƙafa ta kumbura, a zo a ranar, kada a jira ranar da aka rubuta a kati. In haki ya hana magana, ko leɓe ya sauya launi, ko mutum ya fara ruɗewa, a nemi abin hawa ko da tsakar dare ne. Ku taho da inhelar da duk ƙwayoyin da yake sha a leda ɗaya, mu gani da idonmu.