Kujerar yara ta mota: zaɓi, ɗauri da shiga jirgi da ita

Kujerar yara ta mota wani mazauni ne da ake ɗaurewa a kan kujerar mota don ya riƙe jariri ko ƙaramin yaro idan aka taka burki da ƙarfi ko aka yi karo. An yi bel ɗin mota ne daidai da jikin babba. A jikin yaro, ɓangaren kafaɗa yakan hau wuya, na cinya kuma ya hau ciki, wuraren da ba su da ƙashin da zai ɗauki bugu. Kujerar tana mayar da ƙarfin bugun zuwa baya, kafaɗu da ƙugu.

Hannun uwa ba ya iya wannan aikin, komai ƙarfinsa. Karo a gudun kilomita 50 a awa ɗaya daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10, kuma a wannan ɗan lokaci yaro mai kilo 10 yakan fizge da ƙarfin da ya ninka nauyinsa sau 20 ko fiye. Goyo da zani a cikin mota ya fi haɗari, domin jaririn yana tsakanin bayan uwa da jinginar kujera. Alƙaluman hukumar kula da lafiyar hanya ta Amurka, NHTSA, sun nuna cewa kujerar da aka ɗaure daidai tana rage haɗarin mutuwa da kashi 71 cikin 100 ga jarirai, da kashi 54 ga 'yan shekara 1 zuwa 4.

Asali

A 1964 wani farfesa ɗan ƙasar Suwidin, Bertil Aldman, ya fito da samfurin kujera mai fuskantar baya tare da kamfanin Volvo. Ya lura da yadda ake kwantar da 'yan sama-jannati a kan bayansu lokacin harba kumbo, domin baya ya fi kowane sashe na jiki faɗin da zai raba ƙarfin. Har yau a kan wannan tunani aikin ya tsaya. Kan jariri yana da girma da nauyi idan aka kwatanta da jikinsa, ƙashin wuyansa kuma bai gama ƙwari ba. Idan yana kallon gaba aka yi karo, maɗauri zai riƙe jikin, kai ya wuce gaba, wuya ya ɗauki nauyin duka. Idan yana kallon baya, kai da wuya da gadon baya za su nutsa cikin kujerar tare.

Ma'auni da tambari

Kujerun da ke yawo a kasuwannin Legas sun fito ne daga Turai, Amurka ko Caina, kuma tambarin da ke jiki ne ke faɗin ma'aunin da aka gwada kujera a kai.

Na Turai yana da takarda mai ruwan lemo da harafin E cikin da'ira, da lambar ƙasar da ta amince: E1 Jamus, E4 Holan, E11 Birtaniya. Tsohon ma'aunin, R44, ya raba kujeru bisa nauyi: rukunin 0+ daga haihuwa zuwa kilo 13, rukuni na 1 kilo 9 zuwa 18, na 2 kilo 15 zuwa 25, na 3 kilo 22 zuwa 36. Sabon, R129 ko i-Size, ya fara aiki a 2013. Yana auna yaro da tsayi, ya ƙara gwajin karo daga gefe, ya kuma wajabta fuskantar baya har wata 15 aƙalla. Tun watan Satumba na 2024 aka daina sayar da sababbin kujerun R44 a Tarayyar Turai. Na Amurka kuwa yana ɗauke da rubutun cewa kujerar ta cika ma'aunin gwamnatin ƙasar, wato FMVSS 213, da ranar ƙira da iyakar nauyi da tsayi a gefen kujerar.

Kujerar da ba ta da tambarin wani ma'aunin gwaji, komai kyan yadinta, ba a san abin da za ta yi a karo ba. A wannan sahu ne 'yan kujerun yadi masu naɗewa suke, waɗanda ake rataya wa jinginar mota da igiyoyi ana tallarsu a intanet da arha. Ba su da ƙwaryar roba mai tauri, ba su da wurin ratsa bel, ba su kare komai.

Matakai uku na girma

Mataki na farko shi ne kujerar jarirai mai hannu, wadda ake ɗauka kamar kwando. Tana kallon baya kawai, yawanci har kilo 13. An gama da ita idan saman kan jariri ya rage ƙasa da santimita 2 ko 3 ya kai bakin ƙwaryar, ko ya kai iyakar da aka rubuta. Ƙafafu su taɓa jinginar mota ba dalilin canji ba ne. Yara suna naɗe ƙafa su zauna abinsu.

Na biyu shi ne babbar kujera mai maɗauri biyar: biyu a kafaɗu, biyu a ƙugu, ɗaya tsakanin ƙafafu. Da yawa ana iya ɗaure su a baya a fara, daga bisani a juya gaba. Wata 15 ɗin nan mafi ƙarancin doka ne. A Suwidin yara kan zauna suna kallon baya har wajen shekara 4, kuma wanda kujerarsa ta ba shi dama ya bi wannan hanya ya fi.

Na uku matashi ne mai ɗaga yaro don bel ɗin motar ya zauna masa daidai, na cinya a kan ƙashin ƙugu, na kafaɗa a tsakiyar kafaɗa. Mai jingina da kariyar kai ya fi wanda ba shi da baya, musamman ga yaron da ke barci a hanya. Dokar Birtaniya ta ce a yi amfani da shi har shekara 12 ko tsayin santimita 135, Jamus ta ce 150. A Najeriya, hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, wadda aka kafa a 1988, tana jan hankali cewa yaron da bai kai shekara 12 ba gidan baya ne wurinsa.

Motar ma a duba ta

Wannan ne abin da mai saye a Legas ya fi mantawa. Yawancin motocin gida tokumbo ne, wasu daga Amurka, wasu daga Turai, kuma kowanne da tsarinsa. A zura hannu cikin tsagar da ke tsakanin mazauni da jingina a gidan baya: idan an ji ƙarafa biyu masu siffar U, su ne maƙalan da Turai ke kira ISOFIX, Amurka ke kira LATCH. ISOFIX ya fara fitowa a 1997 a jikin Volkswagen Golf, LATCH kuma ya zama dole a motocin Amurka daga Satumba na 2002. Tazarar ƙarafan ɗaya ce, santimita 28. Akwai maƙali na uku a bayan jingina ko a cikin but, na igiyar sama wadda ke hana kujera mai kallon gaba tuntsurawa. Mutane da yawa suna barin igiyar nan a naɗe, alhali ita ke rage nisan da kan yaro zai yi gaba. Wasu kujerun Turai, maimakon igiya, ƙafa gare su da ke tokare ƙasan mota. Ba a ɗora ta kan murfin ma'ajiyar da wasu motocin iyali ke da ita a ƙasa sai littafin motar ya yarda.

Maƙalan suna da iyaka. A tsarin Amurka, idan nauyin yaro da na kujera tare ya wuce fam 65, kusan kilo 29, sai a koma ɗauri da bel. Bel ɗin da aka ratsa daidai yana riƙewa kamar maƙalan. A motocin Amurka ana kulle shi ne ta hanyar jawo shi har ƙarshe, a sake shi a hankali; za a ji yana ƙaras-ƙaras, kuma ba zai ƙara fitowa ba. Motocin Turai da dama ba su da wannan, don haka kujerun can sukan zo da maƙullinsu.

Motar da ta taɓa yin haɗari kafin a shigo da ita, ko wadda ruwa ya ci, tana iya zuwa da bel ɗin da ya maƙale ko ya daina kamawa. A fizge kowane bel da sauri a ga ko ya tsaya cak. Idan bai tsaya ba, bakanike ya canja shi kafin a ɗora kujera a wurin. Kujera mai kallon baya kuma ba ta taɓa zama a gidan gaba matuƙar jakar iska (airbag), wadda ke kumbura idan aka yi karo, tana aiki, domin jakar kan fashe ne daidai bayan kan jaririn.

Kurakuran ɗauri

Bayan an ɗaure, a kama kujerar daidai inda bel ya ratsa a jijjiga. Kada ta motsa fiye da santimita 2 da rabi. Ta jariri tana buƙatar kishingiɗa, wajen digiri 45 ga sabon haihuwa, kuma akwai alama a gefe da ke nuna hakan. Idan ta miƙe da yawa, haɓa kan faɗo kan ƙirji ta matse hanyar numfashi. Maɗaurin kafaɗa yana fitowa daga daidai kafaɗa ko ƙasa kaɗan idan ana kallon baya, daidai kafaɗa ko sama kaɗan idan ana kallon gaba. A ja shi har ya zama ba a iya tsunkule shi da yatsu biyu a kan kafaɗa. Ɗan maƙalin ƙirji na kujerun Amurka a daidai hammata yake zama. Shawul mai kauri da ake naɗe jarirai da shi ranar suna ko zuwa asibiti yana barin maɗauri sakwa-sakwa. A ɗaure jariri da kayan jikinsa, sannan a lulluɓa daga sama.

Cunkoso da zafi nasu ne na daban. Shawarar da masu ƙera kujeru ke bayarwa ita ce kada ƙaramin jariri ya wuce awa 2 a ciki a jere, kuma tafiya daga Agege zuwa Ajah da yamma tana iya cinye wannan. A tsaya a wuri mai aminci a fito da shi, a shayar, a mayar. Cire shi a rungume saboda ana cikin cunkoso ba shi da tabbas, don a gadar Third Mainland hanya kan buɗe nan take kowa ya taka wuta. Ƙarfen maƙulli yana ƙona fata idan mota ta sha rana, sai a rufe kujerar da farin tawul in an yi fakin. Danshin damina yana sa yadi ya yi fumfuna: rigar kujera ana cire ta a wanke, amma maɗauri ana goge shi da tsumma mai laima kawai, ba a jiƙa shi ko a sa masa bilic.

Ta gwanjo

Kujerar gwanjo tana da arha, amma ba ta faɗin tarihinta. Wadda ta taɓa karo tana iya tsagewa a ciki ba a gani. Roba kuma tana tsufa, shi ya sa yawancin kamfanoni ke sa wa'adin shekara 6 zuwa 10 daga ranar ƙira, a rubuce a ƙasan ƙwaryar. Wanda dole ta sa ya saya, ya cire rigar ya duba farin soson ciki ko ya karye, ya duba maɗauri ko ya zare, ya tabbatar tambari da ranar ƙira suna nan, ya nemo littafin umarnin da lambar samfurin. Karɓa daga 'yar'uwa ko maƙwabciyar da aka san motarta ya fi saye daga dila.

A jirgin sama

Yaron da bai kai shekara 2 ba yana iya tafiya a cinya, wasu kamfanonin kuma suna ba da ɗan bel da ake haɗawa da na babba. Mai son amfani da kujerar sai ya saya wa yaron tikitin mazauninsa. Hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, tana ba da shawarar hakan saboda girgizar iska, wadda kan zo babu sanarwa.

Ba kowace kujera ake karɓa ba. Ma'aikatan jirgi tambari suke nema. Na Amurka an rubuta shi da jan rubutu: "This restraint is certified for use in motor vehicles and aircraft". Wasu kujerun Turai suna da shaidar TÜV, cibiyar gwajin kaya ta Jamus, mai cewa "For use in aircraft". Jirgi ba shi da ISOFIX, bel ɗin cinya kaɗai gare shi, saboda haka kujerar da ba ta ɗauruwa sai da maƙalan ko da ƙafa ba ta da amfani a ciki, haka ma matashin ɗaga yaro, wanda ke buƙatar bel ɗin kafaɗa. Faɗin da bai wuce santimita 40 ba yana shiga yawancin kujerun jirgi. Wurinta jikin taga, don kada ta tare wa wani hanya, kuma ba a sa ta a layin ƙofar gaggawa. Ga yaro mai kilo 10 zuwa 20 akwai maɗaurin CARES, wanda FAA ta amince da shi. Yana shiga jaka, amma na jirgi ne kawai, ba ya aiki a mota.

Ƙa'ida ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani, musamman tsakanin jiragen cikin gida masu zuwa Kano ko Abuja da na ƙetare. A tura wa kamfanin sunan kujera da faɗinta tun kafin ranar tafiya, a riƙe amsar a waya don nunawa a filin jirgin Murtala Muhammed. Idan za a auna ta cikin kaya, kwalinta na asali ko jaka mai soso ya fi leda, kuma a duba ta tun a wurin karɓar kaya.

Ƙasar da za a sauka ma tana da magana. Birtaniya ba ta yarda da kujerar da ba ta da tambarin E ba, Amurka kuma FMVSS 213 take nema. Iyalin da ke yawan tafiya ya fi musu sauƙi su bar mai nauyin a ɗaure a motar gida, su ajiye wata mara nauyi mai ɗauruwa da bel, wadda za ta shiga jirgi, ta kuma shiga motar Bolt ko Uber zuwa Ikeja.